Ranar Da Umaru Ya Sha Rantsuwa

Duk wanda ya ɗan zauna a ajin nazarin ma'anar kalmomi ya san irin wuyar da kalmomin nan biyu, watau ci da sha, suke ba ɗalibi. Bahaushe yakan ci tuwo, ya ci kasuwa, ya ci sarauta, ya ci amana. Yakan kuma sha fura, ya sha iska, ya sha kashi, ya sha alwashi. Rantsuwa kuwa ta shiga duka biyun, domin wanda aka kai gaban alƙali ya dafa Alƙur'ani akan ce ya ci laya, wanda kuma aka ɗora bisa karagar mulki sai ka ji gidajen rediyo suna cewa ya sha rantsuwar kama aiki. A ganina ba banza ba masu harshen suka jingina wa rantsuwa kalmomin baki da ciki. Abin da mutum ya ci ko ya sha ya riga ya shige jikinsa, in magani ne shi zai warke, in kuwa dafi ne ba mai ɗauke masa. Haka Bahaushe ya ɗauki rantsuwa tun zamanin da ake rantsewa da aradu, har Musulunci ya zo ya ƙara mata nauyi, ya ɗora wa wanda ya karya ta kaffara: ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su, ko ya 'yanta bawa, in bai samu iko ba ya yi azumin kwana uku.

Na kalli bikin rantsar da shugabannin ƙasar nan fiye da sau ɗaya, amma guda ɗaya ne ya zauna mini a rai, shi ne na ranar Talata, 29 ga Mayu, 2007, ranar da Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa ya karɓi mulki daga hannun Cif Olusegun Obasanjo. Shi nake so in ba malamaina da 'yan'uwana ɗalibai labarinsa, ko da yake ni ban je Abuja ba. Daga zauren kawuna a Palladan na kalla, ina ɗan sakandare, shekaruna ba su ma isa jefa ƙuri'a ba.

Yawancin masu karanta wannan mujalla sun san Palladan ta tagar mota kurum. In ka taso daga Sabon Gari ka wuce Kwangila za ka Samaru, dole ka ratsa ta, ka ga shingen Makarantar Koyon Tuƙin Jirgin Sama, ka ga inda hanyar Basawa ta rabu. Unguwa ce ta 'yan tsakani: ba a cikin ganuwar birnin Zazzau take ba balle ta yi alfahari da sarauta, ba kuma cikin jami'a take ba balle ta yi taƙama da boko. Mazaunanta direbobi ne da masinjoji da leburori da tsofaffin sojoji da ƙananan malamai da ɗaliban da ba su sami ɗaki a makaranta ba. Mun tashi muna jin kukan ƙananan jiragen koyo bisa kanmu har muka daina ɗaga kai, muna ganin motocin manyan malamai suna wucewa safe da yamma. Irin waɗannan mutane sun san gwamnati sarai, domin rabinsu ita ke biyan su albashi ko fansho, sai dai daga ƙasa suka san ta.

Kawuna ya yi aikin masinja a jami'a shekara da shekaru, yana da talabijin da ɗan injin wuta, saboda haka duk ranar da wani abu zai faru zaurensa ke zama dandali. A ranar ba wuta, kamar yadda aka saba, aka yi karo-karo aka sayo fetur. Mutum ya kai ashirin a zauren, yara kuma sun cika bakin ƙofa. Cikin manyan akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a Sabon Gari, wanda ya yi NEPU yana saurayi ya yi PRP yana magidanci, duk unguwa Baba ake ce masa. Ba ya jin Turanci sai na wurin aiki, ba ya kuma yarda a bar shi a baya. Da aka fara sai ya nuna ni da sandarsa, ya ce, "Kai ɗan boko, zo nan kusa da ni. Duk abin da suka faɗa ka juya mini, kada ka rage, kada ka ƙara." Haka na zama tafinta ba shiri.

Ya kamata in faɗi halin da zukatan mutanen zauren suke ciki. Galibinsu Janar Muhammadu Buhari na jam'iyyar ANPP suka zaɓa a ranar 21 ga Afrilu, kuma ba wanda ya yarda an kayar da shi da gaskiya. Hukumar zaɓe ta ba Umaru na PDP ƙuri'a sama da miliyan 24, ta ba Buhari miliyan 6 da ɗoriya, ta ba Atiku Abubakar ƙasa da miliyan 3. Saura 'yan kwanaki a yi zaɓe Kotun Ƙoli ta ce a mayar da sunan Atiku cikin 'yan takara, aka sake buga takardun ƙuri'a a gaggauce, wurare da yawa suka iso a makare, wasu wuraren ba su iso ba sam. Masu sa ido na cikin gida da na Tarayyar Turai duka sun ce zaɓen bai cika sharuɗɗa ba. Ba a kuma iya cewa ƙabilanci ke sa mutanen zauren fushi, gama Umaru da Buhari duka daga Jihar Katsina suka fito, ɗaya daga birnin Katsina, ɗaya daga Daura.

Amma fushin nan yana gauraye da wani abu da ba a so a furta. Umaru ɗan makarantar Zariya ne. Ya yi Kwalejin Barewa, ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1972 ya fita a 1975 da digiri a fannin ilmin sinadarai da koyarwa, ya dawo ya yi digiri na biyu, ya kuma riƙe alli ya koyar a Zariya kafin ya koma Katsina. Shi ne mutum na farko mai digirin jami'a da aka zaɓa shugaban Nijeriya. Kawu bai taɓa da'awar ya san shi ba, amma yakan ce tun da a shekarun nan yana raba takardu ofis-ofis, ba mamaki sun sha gilma wa juna a hanya, kuma wannan kaɗai ya ishe shi jin cewa nasu ne ya hau. Baba kuwa abin da ya tsaya masa a wuya shi ne Umaru ya taɓa zama ɗan PRP, almajirin Malam Aminu Kano, alhali gidansu gidan sarauta ne, mahaifinsa Matawallen Katsina kuma minista a Jumhuriya ta Farko. Yakan ce, "Yaron nan namu ne, aro suka yi."

Aka yi fareti a Dandalin Eagle, aka yi addu'o'i, sa'an nan Alƙalin Alƙalan Nijeriya, Mai Shari'a Idris Legbo Kutigi, ya rantsar da mataimaki, Goodluck Jonathan, ya kuma juyo ga Umaru. Ya miƙe, siriri, murya ƙasa-ƙasa, Alƙur'ani a hannu. Ni kuwa ina bi ina juyawa: zai yi wa Tarayyar Nijeriya biyayya, zai yi aiki iyakar iyawarsa bisa Tsarin Mulki, ba zai bar son ransa ya shiga cikin hukuncinsa ba, zai yi wa kowane irin mutum adalci ba tsoro ba son kai, ba don ƙauna ba, ba don ƙiyayya ba, ba zai tona asirin ofis ba. Da na kai ƙarshe Baba ya tambaye ni, "Shi ya tsara wannan magana?" Na ce a'a Baba, a rubuce take a bayan Tsarin Mulki na 1999, ita Obasanjo ya karanta, ita kuma duk mai zuwa zai karanta. Sai ya ce, "To, rigar aro ce ke nan. In ya karya, miskinai nawa zai ciyar?" Zauren ya fashe da dariya, Kawu kaɗai bai yi ba.

Na daɗe ina juya wannan tambaya. A gaban alƙalin gargajiya mai rantsuwa ya san abin da ya rantse a kansa, rago ne ko gona ko bashin sule goma, kuma mutanen gari sun sani, suna zuba ido su ga abin da zai same shi. Rantsuwar shugaba kuwa faɗinta ya yi yawa har ba a iya cewa ga ranar da aka karya ta. Wane ne zai tsaya ya nuna sa'ar da son rai ya shiga hukunci? Ga shi kuma da Turanci ake yin ta, harshen da mafi yawan waɗanda aka yi wa alkawarin sai an juya musu. Shi ya sa, ina tsammani, mutanen zauren suka kalle ta kamar yadda suka kalli faretin, abin ado wanda ba a biki sai da shi.

Jawabin da ya biyo baya shi ya canja zaman. Bai yi nisa ba sai sabon shugaban ya ce, a gaban wanda ya tsayar da shi takara, a gaban baƙin shugabanni da duniya duka, sun yarda zaɓen da aka yi yana da naƙasu, ya roƙi duk wanda yake ganin an zalunce shi ya bi hanyar shari'a, ya kuma yi alkawarin kafa kwamiti ya binciki yadda ake zaɓe a ƙasar don a gyara. Kalmar Turancin da ya yi amfani da ita mai laushi ce, irin wadda malami kan rubuta a takardar ɗalibin da ya yi ƙoƙari amma bai kai ba. Na tsaya ina auna gazawa da kuskure da naƙasu, na zaɓi naƙasu. Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Sake faɗi." Na sake. Ya ce, "Shi da bakinsa?" Na ce shi da bakinsa, Baba.

Daga nan ba wanda ya ƙara sauraron talabijin, har ƙudurorin da ya lissafa game da wutar lantarki da tsaro da sauransu suka wuce ban juya ba. Gardama ta kaure tsakanin Baba da Kawu. Kawu ya ce, "Malam, ka ji ko? Tun da nake ban taɓa jin mai mulki ya faɗi aibin hanyar da ta kawo shi ba. Wannan tarbiyyar malanta ce." Baba ya ce, "Alhaji, sunan abin maguɗi, ba naƙasu ba. Kuma wanda ya ce akuyar nan da ke hannuna ba ta hanyar kirki ta zo ba, amma ya ci gaba da tatsar ta, me za ka kira shi?" Kawu ya ce in ya sauka wa zai hau, soja? Ya tuna masa cewa tun 1960 ba a taɓa ganin farar hula ya gama wa'adinsa ya miƙa wa farar hula ba sai yau, kuma bara-bara, a watan Mayun 2006, da ƙyar Majalisar Dattawa ta kashe maganar ta-zarce. Baba ya ce shi ya ga 1979, kuma a lokacin sai da Kotun Ƙoli ta gama shari'ar Awolowo da Shagari a watan Satumba kafin a rantsar da Shagari a Ikko ran 1 ga Oktoba. "Yanzu kuwa," in ji shi, "a ba mutum sanda, sa'an nan a ce a je kotu a bincika ko tasa ce."

Ni dai ina tsakaninsu, kuma har yau ban bar tsakanin ba, sai dai na fi karkata wajen Kawu da kaɗan. Hujjar Baba ba ta da makusa: furuci bai mayar wa kowa ƙuri'arsa ba. Amma na lura da wani abu a zauren nan wanda shi kansa Baba bai musa ba. Rantsuwar da aka dafa Alƙur'ani aka yi ba ta motsa kowa ba, jimla guda da ba wanda ya tilasta masa faɗi ita ta sa dattijo ya ce a maimaita masa. Magana zarar bunu ce, kuma wannan Umaru ya zare ta da hannunsa, ya ba abokan hamayyarsa makami, ya kuma ba talaka ma'aunin da zai auna shi da shi. Idan akwai abin da ya sha a ranar, a ma'anar da Bahaushe ke nufi, to wannan jimla ce.

Saura a ga abin da ta haifar. A watan Agusta na 2007 ya kafa kwamitin, ya ɗora masa tsohon Alƙalin Alƙalai, Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda shi ma Bazazzagi ne. Kafin wannan ya bayyana dukiyarsa a fili, abin da doka ba ta wajabta masa yi a bainar jama'a ba. Kwamitin ya miƙa rahotonsa a watan Disamba na 2008, a watan da Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen Umaru a ƙarar Buhari, alƙalai huɗu suka rinjayi uku, bayan ya shekara ɗaya da rabi a kan mulki. Cikin shawarwarin kwamitin akwai cewa a cire zaɓen shugaban hukumar zaɓe daga hannun Shugaban Ƙasa a sa Majalisar Alƙalai ta Ƙasa ta tace masu nema, a kafa hukuma ta musamman mai hukunta masu laifin zaɓe, a kuma gama duk shari'ar zaɓe kafin a rantsar da kowa, watau dai maganar Baba ce ta fito daga bakin manyan masana. Gwamnatin Umaru ta karɓi wasu, ta ƙi ta farkon, wadda ita ce uwa. A nan kam ba ni da abin da zan kare shi da shi, domin wanda ya ce rijiya ta gurɓace bai kamata ya riƙe guga shi kaɗai ba. Duk da haka aikin bai tafi a banza ba. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin, Farfesa Attahiru Jega, shi ya zama shugaban hukumar zaɓe a 2010, shi kuma ya gudanar da zaɓen 2015 wanda a karo na farko jam'iyya mai mulki ta faɗi ta miƙa. An kuma gyara Tsarin Mulki aka yanka wa kotunan zaɓe wa'adi, ko da yake rantsuwa ta ci gaba da riga hukunci: a 2023 an rantsar da Bola Tinubu a watan Mayu, Kotun Ƙoli ba ta yanke ba sai a watan Oktoba.

Bukukuwan da suka biyo baya sun ƙara nuna mini cewa jimlar da ke wajen rantsuwa ita ake tunawa. A 2015 Buhari ya faɗi wata wadda ta fi daɗi da Hausa a kan yadda ya faɗe ta da Turanci, cewa shi na kowa ne kuma ba na kowa ba ne, domin a harshenmu kalmar kowa ita ke ɗaukar ma'anar duka biyun, korewa kaɗai ke juya ta. A 2023 kuma Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, kafin mako ya zagayo kuɗin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500. Ba na jin akwai wanda zai iya kawo maka jimla ɗaya daga rantsuwar da suka karanta.

Shi kuwa Umaru, ƙarshen mulkinsa ma a kan magana ya tsaya. A ranar 23 ga Nuwamba, 2009, aka tafi da shi asibiti a Jidda, bai aika wa Majalisa takardar da sashe na 145 na Tsarin Mulki ya ambata ba, wadda za ta ba mataimakinsa riƙo. Ƙasa ta zauna ba mai sa hannu. Da wa'adin Mai Shari'a Kutigi ya cika a ƙarshen Disamba, shi da ya rantsar da Umaru sai ya zama shi ya rantsar da magajinsa, Mai Shari'a Aloysius Katsina-Alu, aikin da Shugaban Ƙasa ya saba yi. A watan Janairu na 2010 aka ji muryar Umaru ta waya a gidan rediyon BBC, a raunane, yana cewa yana samun sauƙi. Na ji ta a zauren Kawu, Baba yana zaune, wannan karon bai nemi tafinta ba, bai kuma ce uffan ba. Ran 9 ga Fabrairu Majalisa ta ɗauki wannan hira ta rediyo a matsayin takardar da ba a rubuta ba, ta ce larura ta sa, ta mai da Jonathan muƙaddashi. Masana shari'a sun yi ta gardama a kan halascin wannan, daga baya aka gyara sashen aka sa wa'adin kwana 21.

Allah ya yi masa rasuwa a Abuja ran 5 ga Mayu, 2010, bai cika shekara uku a kan mulki ba. Kashegari da safe aka rantsar da Jonathan a fadar gwamnati, ba fareti ba baƙi, ya karanta kalmomin nan dai da na juya wa Baba, ba a rage ba, ba a ƙara ba. Da yamma aka yi jana'iza a Katsina. Baba, wanda bai zaɓe shi ba, bai kuma taɓa janye kalmar maguɗi ba, ya sa aka nemo masa mota daga Kwangila tun da hantsi, ya tafi a yi sallar da shi.